Tsofaffin Littattafai da Ɗaliban Yau: Daga Zaurukan Yola Zuwa Azuzuwan Jimeta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

  Yau a kan tsofaffin littattafai za mu tattauna, waɗanda aka rubuta shekara ɗari biyar, dubu, wasu ma fiye da dubu biyu da suka wuce, da kuma yadda muke miƙa su ga 'ya'yanmu.

Da an ambaci manyan littattafan mutanen da, hankalin ɗan boko sai ya tafi Girka da Rum, ya ɗauka sai an hau jirgi an je Ingila ko Amurka kafin a same su. Alhali ga su nan a unguwarmu, kullum safiya ana karanta su. In kana shakka, ka yi sammako bayan sallar asuba ka leƙa zauren wani modibbo a Wuro Hausa, ko a Luggere, ko a Rumde. Za ka tarar da malam zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa, ɗalibai sun yi da'ira a kan tabarma. Akwai matashi mai tuƙa keke napep da ya ajiye kekensa a ƙofa, akwai tela, akwai dattijon da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Wanda layi ya zo kansa sai ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam," ya buɗe. Ya karanta guntun jimla da Larabci, malam ya fassara da Fulatanci ko da Hausa, ya sake ja kaɗan, malam ya sake fassarawa. In ya yi tuntuɓe a wasali, malam ba ya ko ɗaga kai zai gyara masa. Layi biyar ko shida sun isa karatun yini. Littafi ɗaya yakan ci shekara, wani ya ci shekaru, kuma babu mai gaggawa.

To, waɗanne littattafai ne a hannunsu? Mai farawa yana Ƙawa'idi ko Ahalari, na gaba da shi yana Ishmawi ko Iziyya. Wancan mai Risala, littafin Ibn Abi Zaid ne na Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 996. Wato shekara dubu da ɗoriya ke nan. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta girme ta, domin shi a Madina ya rasu a 795. Ashafa da muke saurare da azumi, Alƙali Iyal ne ya wallafa ta, mutumin Sabta da ke gaɓar Maroko, ya rasu a Marrakesh a 1149. Ajuruma ta masu nahawu daga birnin Fas ta fito, mawallafinta ya rasu a 1323. Ishiriniya kuwa, wadda tsofaffinmu ke rerawa har hawaye su zubo musu, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Andalus, a ƙasar da yau ake kira Sifen. A zaure guda, a kan tabarma guda, ga Madina, ga Ƙairawan, ga Fas, ga Kurɗuba ta Andalus.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin ɗaliban nan ba a taɓa gaya musu haka ba. Sai mutum ya sauke Risala, ya iya warware mas'alolinta tiryan-tiryan, amma in ka tambaye shi a wane gari aka rubuta ta, wa ke mulki a lokacin, me ya sa mawallafin ya ga buƙatar rubuta ta, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. An ba shi littafin, ba a ba shi labarin littafin ba.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu ɗauki Ahalari, tunda kusan duk wanda ya taɓa zama a zaure ya riƙe shi. Ɗan ƙaramin littafi ne na tsarki da salla, ana sayar da shi a kasuwar Jimeta da kuɗi kaɗan. Mawallafinsa, Abdurrahman al-Akhdari, malami ne na ƙasar Aljeriya a ƙarni na 16. Wannan bawan Allah yana da wani littafin mai suna Sullam, wanda ya tsara a waƙe domin koyar da ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja da gane inda magana ta karkace. Shi kuwa manɗiƙi, in ka bi salsalarsa, za ta kai ka har wurin Aristotil, masanin Girka da ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Hanyar da ya biyo sananniya ce. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, musamman lokacin Halifa Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an duƙufa fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Hunaini ɗan Ishaƙ, wanda Kirista ne, ya fassara littattafan likitanci na Jalinus. Daga baya a Kurɗuba, Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya yi wa littattafan Aristotil sharhi, har malaman Turai suka fassara sharhin nasa zuwa Latin suna karantarwa a jami'o'insu. Shi dai wannan Ibn Rushdi ne mai Bidayatul Mujtahid da malaman fiƙihunmu ke ji da shi.

Na san wani mai sauraro zai ce, ai malamai sun yi saɓani a kan manɗiƙi. Gaskiya ne, kuma saɓanin ma abin koyarwa ne. Imamu Suyuɗi na Masar ya hana shi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare shi, har suka yi musayar baitoci a kan mas'alar. Manyan malamai biyu, kowa da hujjarsa, kowa na girmama ɗan'uwansa. Ɗalibin da aka zaunar aka nuna masa yadda suka yi wannan muhawara ya koyi abin da zai amfane shi ranar da gardama ta tashi a majalisa ko a Facebook.

Kada kuma a ɗauka wannan ilimi bai taɓa isowa yankinmu ba. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya zo Yola a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, ya yi 'yan kwanaki aka sallame shi. A shekarar da ta biyo ya je Masenya, babban birnin Bagarmi a ƙasar Chadi ta yau. A can ya haɗu da wani malami Bafulatani makaho, ana ce masa Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Azhar. Barth ya rubuta irin mamakin da ya kama shi da ya ga malamin ya san abin da aka fassara zuwa Larabci na Aristotil da Aflatun, ya kuma san tarihin Andalus. Makaho ne, a can Bagarmi, shekaru kusan hamsin kafin Turawa su ci Yola da yaƙi a 1901.

Jihar nan tamu ma ai sunan malami take amsawa, wato Modibbo Adama. Modibbo Adama ya yi yawon neman ilimi har Barno kafin ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809. Ya zauna a Gurin, ya zauna a Ribaɗu, sannan ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. A bayansa malamai suka yi ta kwararowa Fombina, wato masarautar da ya kafa, cikinsu har da Modibbo Raji, almajirin Shehu Abdullahi na Gwandu. Shi kuwa Shehu Abdullahi ya bar mana wani ɗan littafi, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Duk mai son sanin manhajar da ta gina shugabannin jihadi, to, ga ta nan a rubuce. A ciki akwai fiƙihu da tafsiri da hadisi, amma akwai kuma nahawu, da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na zamanin jahiliyya, da Maƙamatul Hariri. Ba su ɗauki adabi a matsayin ɓata lokaci ba. Sun san wanda bai ƙware a harshe ba, ba zai ƙware a shari'a ba.

Maƙama ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Ya tsara labarai hamsin a kan wani tsoho mai wayo da zalaƙa, Abu Zaidin Saruji, wanda ke yawo gari gari yana sauya kama, yau mai wa'azi, gobe mai bara, jibi mai ƙara a gaban alƙali, kullum yana raba mutane da kuɗinsu da daɗin baki. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammam, kullum sai daga baya yake gane shi. Larabcin littafin yana da tsauri ƙwarai, shi ya sa a zaure ba a ba wa ɗalibi shi sai ya yi nisa. To, wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya tuna yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ke haɗuwa a gari bayan gari suna yi wa juna wayo, zai ji ƙamshin Maƙama, kuma Imam bai ɓoye cewa ya amfana da ita ba. Haka Magana Jari Ce ta ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da wasu tsofaffin taskoki na gabas da na Turai, Imam ya ɗinka musu riga irin tamu. Yaron da ke karanta Imam don jarrabawar Hausa a sakandare, da dattijon da ke fama da Maƙama a zaure, ruwan rijiya ɗaya suke sha, guga ce kawai ta bambanta. Amma babu wanda ya taɓa haɗa su ya gaya musu.

(Kiɗa kaɗan)

Mu tsallaka ɓangaren boko. Yola da Jimeta ba su rasa makarantu ba: ga Jami'ar Modibbo Adama a hanyar Girei, ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga tsofaffin sakandare irin su Kwalejin Janar Murtala Muhammad. Matsalar da ke addabar karatun boko a ƙasar nan baki ɗaya kishiyar ta zaure ce. Ɗalibi zai haddace cewa Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima, an haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Zai rubuta a jarrabawa ya ci maki. Amma shafi ɗaya na littafin bai taɓa gani ba. Bai san mutumin ya yi bayanin yadda haɗin kan jama'a ke kafa daula, da yadda jin daɗi da tsananta haraji ke rusa ta ba. Bai san ya kawo jerin sarakunan Mali ba. Ga kuma shekarun da aka yi an cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, tun wajen 2009, kafin a dawo da shi. Waɗanda suka tashi a wannan tsakani yau su ne matasanmu, wasunsu ma su ne ke riƙe da alli a gaban aji.

A ganina gyaran bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira Abuja ba. Malamin Tarihi ko na Hausa ko na Addini zai iya ware darasi ɗaya a mako, ya kawo shafi guda tak daga tsohon littafi, a karanta shi a hankali irin karatun zaure, jimla jimla, a fassara, a yi tambaya, a yi gardama. Wannan mako labari ɗaya daga Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya bi ta Farisa, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Wani mako bayanin Ibn Baɗuɗa a kan abin da ya gani a Mali a 1352. Wani mako nasihar da Magili ya rubuta wa Sarki Rumfa a kan mulki, ko abin da Liman Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta game da Mai Idris Aloma na Barno. In an samu fassarar Aflatun ko Homa na Girka, a kawo, a ajiye su kusa da namu, yara su auna da kansu. A rataye taswira a bango, duk littafin da aka karanta a sa yaro ya tashi ya nuna garin da ya fito. Shi kuma modibbo, ranar da ɗalibi zai fara sabon littafi, ya ba shi minti goma na tarihin mawallafin: garinsu, malamansa, zamaninsa. Malamanmu sun san wannan, yana nan cikin littattafan tarihin malamai da ke jibge a gefensu.

Akwai kuma abin da ya fi gaggawa. A gidaje da yawa na cikin Yola akwai gafakoki cike da littattafan da kakanni suka kwafa da hannu, da tawada baƙa da ja, da ƙananan bayanai a gefen shafi, wasu da ajamin Fulatanci. Gara na ci, damina na jiƙawa, zafin watan Maris da Afrilu na busar da takarda har ta riƙa karyewa a hannu. Tarin littattafan Modibbo Ahmadu Fufore ya samu gata, yana ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna, inda masu bincike ke zuwa duba shi. Irinsa nawa ne ke ruɓewa a cikin akwati a ƙarƙashin gado?

Don haka, iyaye da magada, in akwai irin wannan gafaka a gidanku, ku fito da ita daga inda danshi yake, kada ku liƙe yagaggen shafi da salatif, kada ku raba warƙoƙin a rabon gado, ku nemi masana a jami'a ko a gidan tarihi na fadar Lamiɗo su duba muku. Shugabannin makarantu na Yola da Jimeta, ku gayyaci modibbon unguwarku ya shigo aji da Maƙamarsa ko Risalarsa ko sau ɗaya a zango, ku kuma kai ɗalibanku zaurensa su ga yadda ake karatu. Allah gafarta malamai, ku karɓe su in sun zo.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)