Idan Ruwa Ya Ci Ɗan Fito, Wa Zai Riƙe Gidansa?

Daga tafkin Nguru zuwa gaɓar kogin Yobe a Gashuwa, jama'a masu yawa ne ke neman abincinsu a kan ruwa. Akwai masunta, akwai 'yan fito masu tsallakar da mutane da babura da buhunan shinkafa, akwai kuma samarin da ke nuna bajintar ruwa a bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram. Ko mutumin Machina da ke zaune a tudu, kifin da ke cikin miyarsa ta hannun waɗannan mutane ya biyo. Da yawansu ba su ne masu jirgin ba. Kwale-kwale da inji da taru na maigida ne, yaro ya wuni yana tuƙi, ƙaninsa na kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsagar katako, da yamma a yi lissafi a ba su rabonsu. Ran da ruwa ya ci yaron, ko farfelar inji ta sare masa yatsu, abin da ke biyo baya sananne ne: gaisuwa, ɗan hatsi, sai a nemi wani yaron. Wannan ba adalci ba ne, kuma dokar ƙasa ma ba ta yarda da shi ba.

Tun a shekarar 2010 Najeriya ta kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, ta ɗora aiwatar da ita a kan hukumar NSITF. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na abin da yake biyan ma'aikatansa a asusun hukumar, kuma an hana shi cire kuɗin daga hakkin ma'aikacin. In ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki, asusun ne zai ɗauki nauyin magani da diyya. In ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, doka ta tanadar musu kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu, duk wata. A ce yaron jirgi na samun naira 60,000 a wata: abin da ke kan maigida naira 600 ne, abin da zai shiga gidan marigayi kuwa naira 54,000. Dokar ba ta tsaya kan masu ofis ba, ta haɗa da ɗan aikin wucin gadi da mai koyon sana'a.

Ruwan wannan yanki kuwa ba ya yafiya. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta mamaye mashigai, har ta kai matuƙi na kutsawa ta siririyar hanya tsakanin ciyawar da ta fi shi tsawo, wadda in jirgi ya kife a cikinta gwanin iyo ma sai ya sha wuya. A farkon Janairun 2026 jirgin da ya taso daga Adiyani a Jigawa zuwa Garbi a ƙaramar hukumar Nguru ya kife da dare, fiye da mutum 20 suka rasu. Bayan irin wannan musiba akan yi ta maganar rigar kariya da hana tafiyar dare, kuma maganar tana kan hanya. Sai dai fasinja sau ɗaya yake hawa a mako, matuƙi kuwa kullum yana cikin ruwan, ga tsargiya da ke cin masu yawan shiga ruwa a hankali ba tare da kowa ya kira ta ciwon aiki ba.

Masu jirage za su ce yaransu ba albashi suke karɓa ba, rabo ake yi, kuma da rani samu kan ragu. Gaskiya ne, amma wanda ke tuƙa jirgin wani, a lokacin da wancan ya tsara, yana kawo masa ciniki, aiki yake yi masa ko da babu takarda. Kowace mashiga tana da shugabanninta, kuma inda ake iya tara kuɗin ƙungiya kullum ana iya rubuta sunayen matuƙa, a ƙiyasta samunsu na shekara, a biya a dunƙule. Wasu kuma za su ce mutuwa ƙaddara ce, inshora kuma akwai shubuha a cikinta. Babu mai musun ƙaddara, amma shari'ar Musulunci da kanta ta san diyya, ta kuma san dangi su haɗu su ɗauki nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Asusun da hukuma ke riƙewa domin marayun ma'aikata ya fi kusa da wannan taimakekeniya fiye da cinikin neman riba, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da aka ba lasisi a ƙasar nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rashin amana. EFCC ta taɓa gurfanar da wasu tsoffin shugabannin NSITF kan kuɗin asusun, don haka mai kwale-kwale na da hujjar yin ɗari-ɗari. Maganin wannan shi ne a gani a ƙasa: hukumar ta zo bakin ruwa ta yi rajista da Hausa da Badanci da Kanuri, ta bayyana cewa akwai wa'adin kai rahoton haɗari, ta biya iyalan farko a bainar jama'a. Gwamnatin Yobe da masarautun Bade da Nguru da Machina su sa wannan rajista cikin sharuɗɗan barin jirgin haya ya yi fito, masu shirya bukukuwan ruwa kuma kada su tura yaron kowa cikin kogi sai an rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa.