Idan Karen Jagora Ya Tsufa, Wa Zai Riƙe Shi?

Ranar 11 ga Satumba, 2001, wata karya mai suna Roselle ta sauko da ubangidanta makaho, Michael Hingson, daga hawa na 78 na ɗaya daga cikin tagwayen benayen New York, bayan jirgin sama ya daki ginin. Wannan labari ya zagaye duniya. Wanda ba a cika ba da shi ba shi ne na tsufanta: ta ajiye aiki a 2007, ta ci gaba da zama a gidan Hingson har ta mutu a 2011 tana da shekara 13. Ita kam ta yi dace, domin ba kowane karen jagora ne ke ƙarasa rayuwarsa a gidan da ya yi wa hidima ba.

A ƙasar Hausa, yaro ne ɗan jagora. A Turai kuwa, an fi shekara ɗari da fara ɗora wa kare wannan aiki. An buɗe makarantar farko a Oldenburg ta Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. Ta Amurka, The Seeing Eye, ta biyo baya a 1929, a Ingila kuma aka miƙa karnuka huɗu na farko a 1931.

Ana ba wani iyali rainon kwikwiyon tun yana ɗan mako bakwai ko takwas. Bayan shekara guda da 'yan watanni sai ya shiga horo, ya kama aiki yana kusan shekara biyu. Daga nan ba ya rabuwa da ubangidansa: kasuwa, ofis, jirgin ƙasa, asibiti. Har ƙin bin umarni ake koya masa, wato in an ce ya tsallaka titi alhali mota na tafe, ya tirje. Irin wannan aiki yana son ido da kunne masu kaifi, shi ya sa da zarar kare ya fara jan ƙafa ko yawan shakka a bakin titi, galibi tsakanin shekara takwas zuwa goma, sai a cire masa ɗamarar aiki.

To, ina zai nufa? Ubangidansa ne ke da zaɓin farko. Amma makahon da ke zaune a ƙaramin gida, ga sabon kare na zuwa, ga tsohon da zai riƙa yini shi kaɗai, sau da yawa ba ya iya riƙe biyu. Sai ya zaɓi ɗan'uwa ko aboki. In ba a samu ba, a tuntuɓi iyalin da suka yi rainonsa. Sai duk waɗannan sun gagara ake waiwayar jama'ar gari, kuma layin masu jira kan yi tsawo ƙwarai.

Da yawa cikin masu shiga layin suna hangen garaɓasa ne: kare mai ladabi wanda wani ya sha wahalar horarwa. Ladabin gaskiya ne. Sai dai abin da ake miƙa musu shi ne shekarun da suka fi tsada, suka kuma fi gajarta. Yawancin karnukan nan jinsin Labrador ne ko Golden Retriever, waɗanda kan rayu shekara 10 zuwa 13. Ciwon gaɓɓai, yanar ido da raunin ji duk suna kan hanya, likitan dabbobi kuma ba kyauta yake aiki ba, ko da yake wasu ƙungiyoyin suna tallafawa. Ga matsalar ƙiba. Wani bincike na Jami'ar Cambridge a 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna da wani sauyi a ƙwayar halitta da ke sa su yawan jin yunwa, a tsakanin masu aikin taimaka wa naƙasassu kuwa adadin ya kai kusan uku cikin huɗu. Karen da ya daina doguwar tafiya amma bai daina kwaɗayi ba, sai an auna masa abinci, in ba haka ba nauyin jikinsa ya ƙarasa gwiwoyin.

Duk da haka, kaɗaici ne babban abin da ke wahalar da shi. Dabbar da ta yi shekara bakwai a gefen mutum dare da rana ba ta san a kulle ƙofa a bar ta ba. Gatan shiga kanti da gidan abinci ma ya ƙare tare da aikin, don a idon doka yanzu karen gida ne kawai. Saboda haka ƙungiyar Guide Dogs ta Birtaniya ke sharɗanta cewa kada a bar shi shi kaɗai fiye da awa huɗu a rana. Mai fita da sassafe ya dawo bayan magariba bai dace da riƙonsa ba, komai kyan niyyarsa. Dattijon da shi ma ya yi ritaya ya fi cancanta.

Japanawa sun ƙara wata mafita. Tun 1978 ƙungiyar karnukan jagora ta Hokkaido ta buɗe gidan tsofaffin karnuka a birnin Sapporo, inda ma'aikata da 'yan sa kai ke ciyar da su, suna jinyar waɗanda ba sa iya tashi, har ranar da suka mutu.