Hita, Buta Da Dutsen Guga A Soket Ɗaya: Lissafin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Uwargida, ki ɗan juya cajar wayar da kike karanta wannan da ita, ki dubi ƙananan rubutun da ke jikinta. Za ki ga wani abu kamar 5V da 2A. Ki duba dutsen guga, za ki ga 230V da 1000W ko fiye. Haruffan nan uku, V da A da W, su ke gaya miki kayan da za su zauna lafiya a soket ɗaya da waɗanda za su iya cinna wa ɗaki wuta.

Mutanen Yelwa ba sai sun je nesa neman misali ba, ga tafki nan a gabansu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa, dubban mutane suka tashi. Ruwan da aka tare shi ke juya injinan da aka tsara su ba da megawat 760. Tafiyar lantarki a waya kuwa ta yi kama da tafiyar ruwa. Ki tuna mai noman albasa a bakin kogi da injin ban-ruwansa. Ƙarfin da inji ke tunkuɗo ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta tiyo, shi ne amfiya. Ƙuncin tiyon da ke hana ruwa gudu shi ne turjiya, ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya fito da ƙa'idar a 1827: ki raba bolt da om, sai ki sami amfiya. Wat kuma shi ne aikin da ake samu, wato bolt sau amfiya. Cajarki ke nan, 5 sau 2, wat 10.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce, saboda haka lissafin ba wuya. Ki raba wat ɗin da ke jikin kaya da 230. Butar lantarki mai wat 2000 tana jan amfiya kusan 9. Hita mai 1500, shida da rabi. Dutsen guga mai 1000, huɗu da ɗan abu. Idan kika haɗa su da safe a ekstenshan ɗaya, ana shirin makaranta, kin kai wajen amfiya 20. Filogi mai ƙafa uku, mai kyan ma, amfiya 13 ne iyakarsa, wato wat 3000 kusan. Mai arahar nan da ake tallansa a kasuwa, wanda wayarsa ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ko kusa da haka ba ya kaiwa.

Siririyar waya turjiyarta ta fi yawa, kuma duk inda amfiya ta ci karo da turjiya, zafi ake samu. Zafin ba ya tafiya sannu a hankali. Idan amfiya ta ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Dalilin ke nan da ya sa layin da ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi yake ɗaukar bolt 330,000: ana ɗaga bolt don amfiya ta ragu, kada wutar ta ƙare a ɗumama waya, sai taransfoma ta sauko da ita kafin ta shigo gida. Filogin da ke rawa a soket shi ma yana ƙara turjiya a daidai wurin, shi ya sa kike ganin bakin soket ya yi baƙi, ko kina jin ƙaurin roba. Kin ga haka, ki daina amfani da shi har sai mai gyaran wuta ya canza. Fiyus kuma idan ya ƙone, aikinsa ya yi. Masu cusa waya ko takardar sigari a madadinsa sun kori mai gadi ne da hannunsu.

Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar aci-balbal, bolt ne ya sauka. Dutsen guga ba abin da zai same shi, zafi ne kawai ba zai yi ba. Firji ne abin tausayi, domin injinsa zai ta faman tashi yana jan amfiya fiye da ƙima har ya ƙone. Ki zare shi, ko ki sa masa stabilaiza. Mita kuma wat take ƙirgawa tare da lokaci: wat 1000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Butar nan a rabin awa ta cinye yunit, cajarki kuwa sai ta yi awa 100.

Jikin mutum ma yana da turjiya, kuma ruwa ne ke karya ta. Busasshiyar fata tana da dubban om masu yawa, jiƙaƙƙiya na iya sauka zuwa wajen 1000. Raba 230 da 1000, ya ba ki amfiya 0.23. Na'urorin da ake sawa a gida don ceton rai suna yanke wuta ne a 0.03, kin ga an ninka haka fiye da sau bakwai. Yaron da ya dawo daga wanka a bakin ruwa, ƙafa ba takalmi, bai kamata ya taɓa soket ba. Hita a cikin bokiti kuwa, kada kowa ya tsoma yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi sai an zare filogi, kuma kada a bar ta a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

Allah ya kiyaye, idan wuta ta kama yaro, kada ki cafke shi da hannu, ke ma za ta haɗa da ke. Ki kashe babban makunni ko ki zare filogi. In ba hali, ki ture wayar da busasshen itace kina tsaye a busasshen wuri. Sannan a kai shi asibiti ko da ya tashi yana wasa, domin wutar na iya taɓa bugun zuciya ba tare da ta bar tabo a fata ba.