Karatun muhalli a jami'a: mi ake koyo, wane aiki ake samu?



Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan yi shawara cikin gidaje. Yaro ko yarinya su durƙusa gaban mahaifi su ce: "Baba, karatun muhalli nike so." Sai tsoho ya yi shiru. Ya san aikin likita, ya san na malamin lakkol, ya san na alƙali da na soja, amma wannan bai san inda ya dosa ba. Ga shi kuwa shi ne zai saida hatsi ko rago don kuɗin mota da na cimaka. Haƙƙinsa ne ya san abin da zai zuba dukiyarsa a ciki, don haka muka ga ya dace mu yi bayani.

Mi ake nufi da muhalli?

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu wanda rayuwarmu ta rataya a kansa: ƙasar noma, ruwan sha, iska, itatuwa, makiyaya, dabbobin gida da na daji, har da bola da magudanun ruwa na cikin gari. Mai wannan karatu yana koyon sanin lafiyar waɗannan abubuwa da cututtukansu da maganinsu. Misali biyu daga ƙasarmu sun isa su nuna amfaninsa.

Darasin sassabe

Bayan yunwar 1973, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawansu suka mutu saboda fari da cin dabbobi. A 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Toni Rinodo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona toho ne na kututturan itatuwa masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, icce zai tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Wannan dabara ita ce sassaben zamani.

Manoma ne suka yi aikin, maƙwabci na koyo daga maƙwabci. Amma ba a gane girmansa ba sai bayan shekara ashirin, lokacin da masana, cikinsu har da ɗan ƙasa Mahaman Larwanu, suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbi na tauraron ɗan Adam, suka kuma shiga gonaki suna ƙidaya. Ƙiyasinsu ya nuna itatuwa wajen miliyon 200 bisa hekta miliyon 5, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Magarya da Matamai da Mirya, gawo ne ya fi yawa. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau. Masani shi ke bayyana dalili: gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya tare ma shuka rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara ma ƙasa ƙarfi. Irin wannan shaida ta taimaka har aka kai ga dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani, ta kuma amince da haƙƙin manomi bisa iccen da ya raina cikin gonarsa.

Darasin ruwan Tibiri

Misali na biyu na baƙin ciki ne. A Tibirin Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan garai-garai yake, ba wari, ba launi. Shekaru na tafiya, sai haƙoran yara suka riƙa yin ja, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Da aka auna ruwan, aka tarar sinadarin da ake kira fuliyor ya yi masa yawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita guda, na Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka naƙasa. Da an riƙa awon ruwan tun farko, da an tsirar da su. Rigakafi ya fi magani, kuma awon ruwa yana cikin abin da ɗalibin muhalli ke koyo.

Ina ake karatun, shekara nawa?

Hanyar tana farawa tun daga lise. Yaron da ke son wannan fanni ya dage da lissafi da ilimin halittu, domin mafi yawa masu bak na kimiyya ake ɗauka. Akwai kuma ƙofa ta fannin labarin ƙasa.

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, tana da sashen ilimin noma da na kimiyya. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi, wato jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da sashe na musamman na noma da muhalli. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Shekara 3 ake yi a samu lisans, a ƙara 2 a samu masta, mai son bincike ya ƙara 3 ya zama dokta. Wanda bai samu shiga jami'a ba, akwai makarantar koyon ayyukan raya karkara ta Kollo. Cibiyar Agirimet kuma, da aka buɗe a Yamai a 1974, tana horar da masanan yanayi da ruwa da kariyar shuka na ƙasashen Sahel.

Ɗalibi zai koyi sanin ƙasa da tsirrai, tafiyar ruwa bisa ƙasa da ƙarƙashinta, canjin yanayi, zanen taswira da kwamfuta, da dokokin gandun daji da na filaye. Zai kuma fita daji da ƙauyuka gwajin aiki. Wanda ke ƙyamar rana da ƙura, wannan karatu ba nasa ba ne.

Wane aiki ake samu?

Na farko, aikin gwamnati: ma'aikatar muhalli da gandun daji, inda ake kula da dazuzzuka da wuraren namun daji kamar Gadabeji da yankin raƙuman dawa na Kure. A 1996 raƙuman dawa 49 kawai suka rage a can; kulawa ta sa suka haura 600.

Na biyu, ƙungiyoyin raya karkara masu aikin farfaɗo da fako da tassa da rabin wata, irin wanda aka yi a Kaita tun 1984, ko tsaida tulin rairayi a Gure da Maine-Sorowa.

Na uku, awon illa. Doka ta wajabta cewa kafin a shimfiɗa babbar hanya, ko a haƙa ma'adini ko man fetur, sai an binciki abin da aikin zai jawo ma ruwa da gonaki da makiyaya da lafiyar jama'a. Masana muhalli ke yin wannan bincike.

Na huɗu, tsabtar gari: shara da leda, masai, magudanun ruwa. Ambaliyar 2024, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram, ta nuna garuruwanmu na bukatar masu sanin hanyar ruwa kafin a raba filayen gini.

Na biyar, koyarwa da bincike a jami'a ko a cibiyar binciken noma ta ƙasa. Na ƙarshe, aikin kai: gandun renon itatuwa, haɗa takin gargajiya, kiwon zuma, noman zogale.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Takardar jami'a ba alƙawarin albashi ba ce. Gwamnati ba ta ɗaukar kowa, sai an yi jarrabawa, guraben kuma kaɗan ne. Aikin ƙungiyoyi na wa'adi ne: kuɗi na ƙarewa, aiki ya tsaya. Wanda ya fi saurin samu shi ne mai abin yi a hannunsa, wanda ya iya awon ruwa ko taswira, ya kuma iya zama bisa tabarma ya saurari manoma da makiyaya cikin harshensu. A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni sa'a: tun yana ƙarami ya san bambancin sabara da kalgo, ya san jigawa da fadama.

Ga ƴan mata ma ƙofa a buɗe take. Mata ke ɗebo ruwa, su ke neman iccen girki, su ke shaƙar hayaƙin murhu, kuma sun fi sakin jiki da malama mace.

Saboda haka, iyaye, idan ɗanku ya zo da wannan magana, ku tambaye shi wane reshe yake so da abin da zai yi da shi. In ya ba da amsa mai ma'ana, ku sa masa albarka. Idan ya zo hutu, ku tafi da shi gona, ku nuna masa abin da kuka sani, shi ma ya nuna muku abin da ya koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara mana lafiya.