Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda A Ke Rarrabe Maciya Bakteriya

Manoma da yawa sun san cutar da ke ƙona ganyen auduga da na shinkafa, da wadda ke sa tumatir ya yi yaushi ya mutu ko da ƙasa na da laima. Waɗansu 'yan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani, ana ce da su bakteriya. To, gaba da gabanta. Su ma bakteriyan nan suna da masu kashe su, watau waɗansu ƙwayoyin bairas da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bairas ya kan manne a jikin bakteriya, ya zuba mata zaren gadonsa, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe.

Wani likitan Ingila, Frederick Twort, shi ya fara lura da su cikin 1915. Cikin 1917 kuma Felix d'Herelle ya gano su a birnin Faris, ya sa musu suna bakteriyofaj, watau maci bakteriya. Ba a ga siffarsu ba sai cikin 1940, a Jamus, da madubi mai aiki da lantarki. Galibinsu kai ne da wutsiya, kamar talibambam.

Da fari masana sun bi hanyar makiyayi, wanda zai dubi launi da ƙaho ya ce wannan Bunaji ce, waccan Rahaji. Cikin 1967 David Bradley ya kasa su kashi shida bisa siffa. Uku daga ciki masu wutsiya ne: masu doguwar wutsiya mai tsukewa, da masu doguwa wadda ba ta tsukewa, da masu gajeruwa. Daga baya aka mai da ukun nan gidaje uku.

Amma siffa ta kan ruɗi mutum. Cikin 1977 Frederick Sanger da abokan aikinsa a Ingila suka karanta zaren gadon wani maci bakteriya tun daga farko har ƙarshe, harufa fiye da 5,000. Zaren nan shi a ke kira DNA. Da karatun ya yi araha aka karanta na dubbai, sai aka tarar waɗansu masu wutsiya iri ɗaya ba su da kusanci ko kaɗan. Saboda haka cikin 2022 kwamitin duniya mai raɗa wa bairas suna ya rushe gidajen nan uku. Yanzu zare a ke gwadawa. In zaren biyu ya dace kashi 95 cikin 100, iri ɗaya ne. In kashi 70 ne, dangi ɗaya ne. Wutsiya kuwa ta zama abin kwatance kurum.

Ina ruwan manomi da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Cikin 2005 hukuma a Amurka ta yarda a riƙa fesa maciya bakteriya a kan tumatir da tattasai don maganin cutar ɗigo-ɗigo. Ba su kama mutum ko dabba ko shuka. Sai dai kowane yana da bakteriyar da ya ke ci, ba ya taɓa saura. Waɗansu kuma ba su kashewa nan take, sai su tare a ciki, har su ƙara mata mugunta. Cikin 1996 aka gano dafin kwalara daga irin wannan baƙo ya ke fitowa. Zare ne ke nuna makashi da mai tarewa, shi ya sa a ke karanta shi kafin a haɗa magani.

Haka kuma sai an san ainihin bakteriyar da ta shiga gona, sa'an nan a san wanda za a tura mata. Saboda haka manomin da ya ga cuta a gonarsa, kada ya sayi magani da ka don ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Ya tuge shuka ɗaya ya kai wa malamin gona tukuna.