Gwajin Minti Goma da Gwajin Damina Uku

Kowace shekara a watan Nuwamba birnin Milan na ƙasar Italiya yakan cika da masoya babur. Baje kolin da ake kira EICMA, wanda aka fara tun 1914, shi ne mafi shahara a irinsa, kuma a 'yan kwanakin da yake ci mutanen da ke shiga sukan haura rabin miliyan. Honda da Yamaha da Ducati da BMW kowa da rumfarsa, an goge babura sai walƙiya suke yi a ƙarƙashin fitilu. Mutum ya zo ya ɗare sirdi, ya duba ko ƙafarsa na taɓa ƙasa, ya matsa birki ya saki, in layi ya zo kansa a ba shi wani ya zaga filin da aka keɓe a waje na 'yan mintoci. Daga nan ya wuce rumfar hulunan kwano da riguna masu kariya, ya sa wannan ya tuɓe, ya sa wancan. Yana komawa gida sai ba da labari: wannan sirdinsa da laushi, wancan da nauyin tsiya, wancan kuma kukansa da daɗin ji. Hotunan kan iso har wayoyin samarin Ƙonni da Malbaza a Nijar, a yi ta miƙa wa juna a fada kafin shayi ya nuna.

Irin wannan labari ba ƙarya ba ne, sai dai yana da iyaka. Akwai abin da jiki ke iya aunawa cikin minti goma: tsayin sirdi, nauyin babur a hannu, taurin kuloci, ko hula ta matse kunne. Akwai abin da ba ya bayyana sai babur ya ci damina biyu ko uku a ƙarƙashin mai shi. Akwai kuma abu na uku da ko shekara goma aka yi ana amfani da shi ba zai nuna halinsa ba sai ranar da aka faɗi. Ra'ayina shi ne masu babur na yankin Dogarawa sun fi 'yan baje kolin Turai iya awo na biyu nesa ba kusa ba, kuma wannan gwanintar ce ta ruɗe su suka yi sakaci da na uku.

A duba aikin da babur ke yi a can. Dogarawa tana gundumar Malbaza a jihar Tawa, kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Birnin Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi kafin ta miƙe zuwa Madawa da Maraɗi. Kwalta ke nan, kuma ita kaɗai ce mai daɗi. Da zarar an sauka gefe zuwa ƙauyuka da fadamun da ake noman albasar nan ta Galmi da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, sai burji mai gargada, sai rairayin da ke shanye taya, sai ƙoramar da ta bushe da rani amma da damina take raba gari da gari. Babur ɗaya shi ne ɗan kabu-kabu da safe, shi ne mai ɗauko buhun albasa daga gona da rana, buhun da ya fi direban nauyi, shi ke kai jarkokin mai ga injin ban ruwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare da goyo biyu. Da hunturu ƙura ta shige masa ko'ina, da bazara zafi ya haura digiri 40 inji na tafasa, man da yake sha kuwa sau da yawa na kwalba ne daga hannun 'yan ruwa-ruwa, wanda ba kullum yake zuwa da tsabta ba. Babu filin gwaji a Milan da zai haɗa wa babur waɗannan masifu a yini guda.

Shi ya sa mai sayen babur a Ƙonni, ko wanda ya tsallaka Illela ta Najeriya ya gangara Sakkwato, ba ya dogara da zagaye ɗaya. In na hannu ne, yakan zo da bakanikensa. Bakanike ya fara taɓa inji da bayan hannu ya ji ko mai sayarwa ya riga ya ɗumama shi don ɓoye wahalar tashi. Ya buga shi da ƙafa ɗaya, ya sunkuya ya kasa kunne, ya tara tafin hannu a bakin salansa ya duba ko hayaƙin na barin maiƙo. Ya kwance fulogi ya kalli launinsa: ja-ja-ja alamar lafiya, baƙi mai danshi alamar inji na shan baƙin mai. Ya ɗaga sarƙa da yatsa ya ga ko ta saki, ya danna baya da ƙarfinsa ya ga yadda zai dawo. In sabo ne ɗan kwali, tambayar ba ta wuce uku: wa ke hawan irinsa a garinmu, shekara nawa ya yi masa, kuma in fistin ya mutu a ƙauye ranar da ba kasuwa, a shagon wa za a samu? Amsar waɗannan tana bakin 'yan kabu-kabu da ke zaune a tasha, waɗanda kowannensu ya yi wa babur ɗinsa gwajin dubban kilomitoci da kuɗin aljihunsa.

Wani zai ce wannan ai ilimin gargajiya ne, masu ƙera babur sun fi kowa sanin abin da suka ƙera. Tarihin ɗaya daga cikin baburan da suka fi yaɗuwa a ƙasashe irin namu ya nuna akasin haka. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa ƙasashen Tailan da Malesiya da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan don su ga da idonsu yadda ake amfani da babura. Suka tarar ana lodin mutane da kaya fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, abin tace iska na takarda kuma ya toshe da ƙura. Maimakon su tsaya zargin masu hawa, sai suka koma suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin sha'ani da ke jure sakaci, da soson tace iska da ake wankewa a mayar. Wannan injin ne masana'antun Sin suka yi ta kwaikwayo daga baya, kuma da yawa cikin baburan da ke yawo a Nijar da arewacin Najeriya jikokinsa ne. Wato babban kamfani ma sai da ya bar ɗakin baje koli ya je ya tsuguna a gaban bakaniken bakin hanya kafin ya gane abin da ya kamata ya ƙera.

Haka kuma kasuwa take tace sunaye. Jincheng ya yi zamaninsa, Kasea ya yi suna a Nijar, Haojue na da masoyansa saboda laushin tafiya, sannan Boxer na kamfanin Bajaj da baburan TVS, dukansu daga Indiya, suka shigo da dogon sirdi da ƙashin baya mai ɗaukar lodi da ƙarancin shan mai. Ƙarancin shan man nan ya ƙara muhimmanci tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, arahar man tsallaken iyaka ta zama labari. Ba talla ce ta ɗora wani ta sauke wani ba. Wanda kayan gyaransa suka cika shaguna, wanda kowane yaron gareji ya iya kwance shi ya ɗaura, wanda in an matsu za a sayar da shi ba a faɗi ƙasa warwas ba, shi ke zama. Babur a ƙauye ajiya ce kamar tunkiya, kuma ba mai sayen tunkiya don kyan tafiyarta kawai.

Ba ina cewa baje koli aikin banza ba ne. Baje kolin Kanton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957 yana cikin wuraren da 'yan kasuwar Afirka ke haɗuwa da masu masana'antu, kuma abin da suka zaɓa a irin waɗannan wurare shi ke isowa cikin kwali ta tashoshin ruwan Legas da Lome a harhaɗa shi a nan. Sabon abu ma, kamar baburan lantarki masu musayar batir da kamfanin Spiro ya baza a Benin da Togo, dole a fara ganinsa a wani wuri kafin a san da shi. Amma gani daban, hukunci daban. Ranar da irin wannan babur zai iso Dogarawa, tambayar da za a yi masa ita ce ina za a yi caji in wuta ta ɗauke, kuma yaya batir zai yi da zafin watan Afrilu.

Inda wannan hikima ta tasha take tuntuɓe shi ne kan hular kwano. Duk ilimin ɗan kabu-kabu an gina shi ne a kan abin da amfanin yau da kullum ke tonawa: mugun fulogi zai nuna kansa cikin mako, muguwar taya cikin wata. Hula kuwa, mai kyau da marar kyau duk ɗaya suke a kai har tsawon shekaru. Abin da mai ita ke ji kullum shi ne zafi da nauyi da gumi, amfaninta kuma na daƙiƙa ɗaya ne da ba a fatan zuwanta. Duk wanda ya auna ta da ma'aunin da yake auna inji, dole ya yanke hukuncin cewa wahala ce kawai. Ga shi kuwa alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya sun nuna cewa hular kwano mai inganci da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Karayar ƙafa maɗori na iya ɗorawa, ko a kai mutum asibitin Galmi da ke bakin wannan hanya tun 1950. Kan da ya bugi kwalta sau da yawa ba ya jiran a kai shi ko'ina.

Abin da ke ceton rai a cikin hula ba ƙoƙon waje mai sheƙi ba ne. Farin soson nan ne mai tauri da ke ciki, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hular ma'aikatan gini, wadda aka yi don tare abin da ya faɗo daga sama, ba ta wadatar da mai babur, kuma shi ya sa hular da ta taɓa shan mummunan bugu ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba. Ingancin wannan soso ba a gane shi da ƙwanƙwasawa da yatsa. A ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22, ana sa hular a kan mutum-mutumin kai mai na'urar awo, a sake ta ta faɗi kan maƙerar ƙarfe da gudun kusan kilomita 27 a awa, bayan an gasa wasu a zafin digiri 50. Wadda ta ci jarrabawar ake ɗinka wa alamar harafin E cikin da'ira a jikin maɗaurinta. A nan kam ɗakin gwaji ya fi tasha sani, domin babu ɗan kabu-kabun da zai iya yin wannan gwaji sau biyu da kansa.

Uzurorin da ake kawowa ba na raini ba ne. Zafi gaskiya ne, kuma rufaffiyar hular da aka yi don sanyin Turai azaba ce a Malbaza da azahar, amma akwai buɗaɗɗiya mai kafofin iska da ta cika ƙa'ida, farar kuma ta fi baƙa sauƙin rana. Tsada gaskiya ce, sai dai mutumin da ya tara kuɗin babur ya kuma ƙara da fitilu masu launi da kwalliyar sirdi bai rasa kuɗin hula ba. Ƙyamar fasinja ga hular da kowa ke sawa ita ma gaskiya ce, kuma ta taka rawa lokacin da Najeriya ta fara tilasta dokar hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, har aka riƙa ganin 'yan acaɓa da ƙwarya da tukwanen roba a ka don kauce wa jami'an hanya. Darasin wannan shekarar shi ne doka kaɗai tana haifar da hular tsoron jandarma, wadda ake ratayewa a madubi sai an hango shinge. Mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuwa, shi ne dai za ka gani yana zagaye buhun albasarsa da roba sau huɗu yana ja da ƙafa kafin ya tayar da babur.

Abin mamaki, hula ce kaɗai kayan da gwajin minti goma na 'yan baje koli ke yi wa cikakken amfani, domin bayan alamar inganci abin da ya rage shi ne ta dace da kan mai ita, kuma wannan a tsaye ake gane shi a gaban mai shago. A sa ta, a ɗaure maɗaurin har yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. A girgiza kai hagu da dama a ga ko fatar kumatu na tafiya tare da ita ko hular ce ke yawo ita kaɗai. A kama ta ta ƙeya a ja gaba da ƙarfi, in ta zame ta fita to ta yi girma. A ɗaga ƙyallen ciki a danna soson da babban yatsa, a duba kaurinsa. Sannan a bar ta a kai na ɗan lokaci ana ciniki, domin wadda za ta ci goshi a hanyar Illela tun a shago take fara cizo.