Yadda Takardu da Horo Ke Riƙe da Asibitocin Unguwa a Amurka

Idan aka ce asibitin Amurka, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne dogayen benaye da na'urori masu tsada, sai kuɗin magani mai karya tattalin gida. Amma akwai wani rukunin asibitoci a ƙasar da ba a cika jin labarinsu ba, wato cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa. Sun kai kusan 1,400, suna da rassa sama da 15,000, kuma mutum fiye da miliyan 30 ne ke zuwa neman magani a cikinsu duk shekara. Galibin masu zuwa talakawa ne da marasa inshorar lafiya.

Abin da ya riƙe waɗannan cibiyoyi kusan shekara 60 aiki ne marar armashi: cike takardu, rubuta rahoto, karɓar masu bincike, da komar da ma'aikata aji a kai a kai. Ya dace mu san yadda suke yi, domin mu ma a Najeriya muna da asusun tarayya da ke tura kuɗi zuwa ƙananan asibitocinmu, kuma a wajen takardu da horo ne ake gane ko kuɗin zai zama magani a kan kanta ko zai salwanta.

Daga Afirka dabarar ta fito

A shekarar 1965 aka amince da kafa cibiyoyi biyu na farko, ɗaya a unguwar Columbia Point da ke birnin Boston, ɗaya a garin Mound Bayou na jihar Misisipi, a ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na Shugaba Lyndon Johnson. Ɗaya daga cikin likitocin da suka jagoranci aikin, Dakta Jack Geiger, a Afirka ta Kudu ya ga samfurin tun yana ɗalibi, a wajen Dakta Sidney Kark da matarsa Dakta Emily, waɗanda suka kafa cibiyar Pholela. A can ya koyi cewa asibiti ba ya jiran marar lafiya ya zo. Yana shiga gari ya san ruwan da mutane ke sha da abincin da suke ci. Da ya tarar da yara masu tamowa a Misisipi, sai ya riƙa rubuta musu abinci a takardar magani, ana biya daga kasafin ɗakin magani.

Sharuɗɗan karɓar kuɗi

A yau hukumar HRSA, da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ita ke raba tallafin kuma ita ke bin sawunsa. Cibiyoyin ba mallakar gwamnatin tarayya ba ne. Akasarinsu ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, sai dai duk wadda ta karɓi kuɗin ta ɗauki sharuɗɗa.

Na farko, dole cibiyar ta kasance tana yi wa yanki ko al'ummar da ke ƙarancin likitoci hidima. Na biyu, ba a korar kowa don ba shi da kuɗi. Ana duba abin da gida ke samu da yawan mutanen gidan. Wanda samunsa bai wuce ma'aunin talauci na gwamnati ba, kyauta ake duba shi ko ya biya wani ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda samunsa ya haura ma'aunin amma bai wuce ninkinsa ba, ana yi masa rangwame daidai ƙarfinsa.

Sharaɗin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na kwamitin gudanarwa. Aƙalla kashi 51 cikin 100 na mambobinsa dole su kasance mutanen da ke karɓar magani a cibiyar. Kwamitin kan zauna duk wata, shi ke amincewa da kasafin kuɗi da lokutan buɗewa, shi ke naɗa shugaban cibiyar, yana kuma iya sauke shi. Ke nan matar da ke bin layin awon ciki tana iya zama cikin waɗanda shugaban asibitin ke yi wa bayani.

Rahoto da bincike

Kowace cibiya tana miƙa wa hukumar rahoton shekara mai tsari iri ɗaya, wanda ake kira UDS, zuwa ranar 15 ga Fabrairu. A ciki ana bayyana yawan waɗanda aka duba da abin da aka kashe. Har ila yau ana faɗin masu hawan jini nawa ne jininsu ya daidaita, masu ciwon sukari nawa ne nasu ya ƙi sauka, masu juna biyu nawa suka fara awo da wuri, yara nawa suka kammala rigakafi. Hukumar na wallafa alƙaluman a intanet, don haka kowa na iya kwatanta cibiyar unguwarsu da ta maƙwabta.

Bayan rahoto, akwai masu bincike da ke zuwa da ƙafarsu lokaci zuwa lokaci, suna duba takardun kuɗi da bayanan zaman kwamiti da shaidar karatun ma'aikata. A shekarar 2017 hukumar ta tattara ƙa'idojin a kundi guda, domin cibiya ta san abin da za a tambaye ta tun kafin a zo. Inda aka ga gazawa ana ba da wa'adin gyara. Cibiyar da ta kasa tana iya rasa tallafin, a ba wata ƙungiyar ta ci gaba da kula da yankin.

Inda takarda ke rage farashin magani

A ɓangaren magani ne amfanin takardun ya fi fitowa fili. Tun 1992 akwai wani shiri mai suna 340B, wanda ke wajabta wa kamfanonin magunguna su sayar wa irin waɗannan cibiyoyi da ragi mai yawa. Da rarar da ake samu ne cibiyoyi ke sauƙaƙa farashi ga marasa inshora, su kuma ɗauki nauyin wasu ayyukan da ba mai biya. Amma sai cibiya ta sabunta rajistarta duk shekara, kuma ta iya nuna cewa maganin da ta saya da ragi majinyatanta ya tafi, ba a karkatar da shi ba. Mai harhaɗa magunguna da ya yi sakaci da lissafin kaya yana iya jawo wa cibiyarsa biyan diyya ko ma fita daga shirin, kuma dattijon da ke karɓar allurar insulin a sauƙaƙe shi zai fara ji a jikinsa.

Horo ba ya yankewa

Ƙa'idoji kan sauya, magunguna ma haka, ma'aikata kuma suna barin aiki wasu su shigo. Shi ya sa hukumar ke ware kuɗi ga ƙungiyoyin cibiyoyin na jihohi da wasu ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya, aikinsu kawai horarwa da ba da shawara. Ana koya wa akawu cike rahoto, ana koya wa ma'aikatan jinya sababbin hanyoyin kula da masu ciwon sukari. Hatta mambobin kwamiti, waɗanda wasunsu direbobi ne ko masu shago, ana koya musu karanta kasafin kuɗi, tunda kujera ba ta amfanar wanda bai san abin da zai tambaya ba. Ana sake tantance lasisi da ƙwarewar likitoci aƙalla duk shekara biyu. Akwai kuma shirin tarayya da ke biya wa likitoci da ma'aikatan jinya bashin karatunsu idan suka yarda su yi aiki a yankunan da ke da ƙarancin ma'aikata.

Tsarin ba ya rasa aibu. Ƙananan cibiyoyi na kukan cewa takardu na cinye lokacin da ya kamata a ba majinyata. Ban da haka, kusan kashi 70 cikin 100 na tallafin yana fitowa ne daga wani asusu da aka kafa a 2010, wanda sai majalisa ta riƙa sabunta shi. A ƙarshen Satumban 2017 wa'adinsa ya ƙare, ba a sabunta ba sai Fabrairun 2018, kuma a tsakanin nan cibiyoyi da dama suka dakatar da ɗaukar ma'aikata.

Mu a nan gida fa?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, inda ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Dokar ta ce kashi 20 na asusun na magunguna da rigakafi da kayan aiki ne, kashi 15 na kula da gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 kuma na bunƙasa ma'aikata. Burin shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti guda mai aiki, tare da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kansa. Asibitin da bai kawo bayanin yadda ya kashe kason baya ba, na gaba kan yi masa jinkiri, daga nan sai a ce da uwa ta je ta sayo magani a kemis.

Don haka ko a Agege kuke ko a Sabon Ibadan, ku tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko suna cikin masu karɓar kuɗin asusun. Ku tambaya su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka yi zama na ƙarshe, kuma akwai mata a cikinsu? Sau da yawa mu mazauna sabo da zango mukan ɗauki kanmu baƙi, mu bar waɗannan kujeru ga wasu, alhali 'ya'yanmu ake yi wa rigakafi a wurin.

Wanda kuma ke da ɗan'uwa a Amurka da ke tsoron kuɗin asibiti, sai ya shaida masa ya nemi cibiyar da ke kusa da shi a shafin intanet na HRSA. Ya tafi da shaidar abin da yake samu da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, ya nemi a duba ko ya cancanci rangwame, ya kuma nemi tafinta idan Turanci na ba shi wuya.